Takardar Cikin Leda da Kundin Hukuma: Me Rajista Ke Nufi ga Manomin Magami?

A Magami, da sauran garuruwan da ke kan hanyar Gusau zuwa Ɗansadau, cinikin gona yakan ƙare ne da takarda guda. A yago falle daga littafin ɗan makaranta, a kira wanda hannunsa ya faɗa da rubutu, ya rubuta da boko ko da ajami cewa wane ya sayar wa wane gonarsa a kan kuɗi kaza. Sai a jero iyakoki: gabas gonar wane, yamma rafi, kudu burtali, arewa tsamiya. Shaidu su dangwala yatsa, mai unguwa ko dagaci ya buga hatimi, a shafa fatiha, a ba da la'ada, a watse. Mai saye ya ninke takardar gida huɗu, ya sa ta a leda saboda gara da damshi, ya tura ta ƙasan adaka tare da rasiɗan harajin mahaifinsa.

Ka tambaye shi, zai ce maka gonarsa tana da rajista. Da zuciya ɗaya yake faɗa, kuma takardar tasa ba ta banza ba ce. Sai dai abin da doka ke kira rajista daban ne, kuma a tsakanin waɗannan biyun gonaki da yawa suke sulluɓe wa masu su.

A wurin doka, ba a cewa an yi wa abu rajista sai an shigar da shi cikin kundin da ita dokar ta kafa, ta hannun jami'in da ta ɗora wa wannan aiki, a ba shi lamba da shafi da ranar shiga, kuma kwafinsa ya zauna a hannun hukuma inda mai bincike zai iya zuwa ya duba. Takardar cikin leda ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kwafi ɗaya ce tal. Idan wuta ta ci ɗakin, ta tafi. Hatimin dagaci shaida ce mai nauyi cewa an yi ciniki a gabansa, amma babu dokar ƙasa da ta mai da zaurensa ofishin rajistar filaye.

Rajistar da ke haifar da haƙƙi, da wadda ke yi masa shaida

Ba duk rajista ce ke aiki iri ɗaya ba, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Akwai wadda sai da ita haƙƙi yake samuwa. Lauya ko ya haddace littattafan shari'a kaf, ba zai tsaya gaban kotu da sunan lauya ba sai sunansa ya shiga kundin da babban magatakardar Kotun Ƙoli ke riƙe da shi a Abuja. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka sa wa hannu da sunan kamfanin lauyoyi, don kawai ba wannan sunan ne ke cikin kundin ba. Haka mai zaɓe: ɗan ƙasa ne, ya kai shekara 18, amma in babu sunansa a kundin hukumar zaɓe, ba shi ba akwati. Mutanen Zamfara sun ɗanɗana irin wannan ta fuskar zinariya. Tsarin mulki ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, kuma a dokar ma'adinai ta 2007 wanda ya riga shigar da buƙatarsa a ofishin rajistar ma'adinai shi ke gaba. Shi ya sa mutum kan wayi gari ya ji wani kamfani yana riƙe da lasisin dajin da kakanninsa suka sara.

Akwai kuma rajistar da aikinta shaida ne kawai. Yaron da ba a yi wa takardar haihuwa ba ɗan Najeriya ne, ɗan ubansa ne, zai ci gado. Auren da aka ɗaura da waliyyi da sadaki da shaidu ya ɗauru, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Gonar gado ma a wannan sahun take.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa kuma aka ɗaure ta a cikin tsarin mulki, ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Tun kafin ta, Arewa ta saba da irin wannan tsari, daga shelar Turawa ta 1910 zuwa dokar filaye ta 1962. Amma sashe na 36 na dokar 1978 ya yi wa manomin karkara gata: duk wanda ke noma wata ƙasa a wajen birni lokacin da dokar ta fara aiki, a ɗauke shi tamkar ƙaramar hukuma ta riga ta ba shi izinin zama na gargajiya. Ma'ana, dattijon da ke noman gandunsa a Magami ko Wanke tun kafin 1978 yana da haƙƙi na doka ko da bai taɓa taka ofis ba. Sashen ya ƙara da cewa idan ya ga dama, yana iya kai wa ƙaramar hukuma zanen gonar ko cikakken bayaninta, in ta gamsu, wajibi ne ta shigar da sunansa a kundi. Wannan ƙofa a buɗe take fiye da shekara 40. Manoma nawa aka taɓa gaya wa tana nan?

Ga kuma inda dokar ke da ƙaya. Ta ce ba a sayar da irin wannan haƙƙi ko jinginar da shi sai da amincewar ƙaramar hukuma, na cikin birni kuma sai da yardar gwamna, kuma cinikin da aka yi ba tare da hakan ba ɓatacce ne. Sashe na 36 ɗin ma ya hana a yanka gonar da ya kare a mai da ita fuloti-fuloti, ko a miƙa ta ga wani. Kotun Ƙoli ta nuna da gaske ake batun yardar gwamna a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, inda jinginar da aka yi ba da yardarsa ba ta rushe. Ke nan akasarin cinikin gonakin da ake yi a ƙauyukan Gusau da Tsafe da Bunguɗu yana tsaye ne a kan amana da sanin juna. Ranar da aka kai shi ma'aunin dokar da ke rubuce, sai ya fara rawa.

Abin da Kotun Ƙoli ta ce, da abin da ta sake cewa

Dokar rajistar takardun filaye ta samo asali tun 1924, kuma jihohi sun gaje ta. Tanadinta mai zafi shi ne: takardar da ta kamata a yi wa rajista amma ba a yi ba, ba a karɓarta a kotu a matsayin hujjar mallaka. Shekara da shekaru alƙalai suna bin wannan. A Disamba 2017, a shari'ar Benjamin da Kalio, alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli suka ce a'a: batun shaida hurumin majalisar tarayya ne, dokar jiha ba ta isa ta hana kotu karɓar takarda ba. Masu ƙaramin ƙarfi suka ga haske. Ba a cika shekara biyu ba, a 2019, a shari'ar Abdullahi da Adetutu, kotun ta koma kan tsohuwar magana. Har yanzu lauyoyi na jayayya a kan wanne ya shafe wanne, kuma kowane ɓangare yana da abin kamawa. Ni dai ba zan ba manomi shawarar ya jingina gonarsa da saɓanin manyan alƙalai ba.

Duk da haka, takardar cikin leda tana da amfanin da kotuna ba su taɓa ƙwace mata ba. Ana karɓarta a matsayin shaidar cewa an biya kuɗi. Idan aka haɗa biyan kuɗin da shiga gonar ana nomawa, mai saye yana da haƙƙin da zai kare shi daga kowa, in ban da mutum ɗaya: wanda ya saya da gaskiya, ya biya, bai san da cinikin farko ba, kuma ya kammala takardunsa bisa doka. A nan ne rajista ke nuna ƙarfinta. Tana sanar da duniya, ta yadda wani ba zai zo daga baya ya ce bai sani ba. Tana kuma jera masu da'awa bisa ranar da kowa ya shiga kundi, ba ranar da aka sha hannu a zaure ba.

Amma kada mai takardar gwamna ya ɗauka ya gama. Rajista ba ta wanke ƙazantar ciniki. Wanda ya sayi gona a hannun wanda ba shi da ita, ko ya buga mata hatimi goma, bai sayi komai ba. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa takardar shaidar mallaka ba ita ce ƙarshen magana ba, tana faɗuwa idan wani ya nuna ya riga mai ita samun haƙƙi a wurin. Tun 1976 ma, a shari'ar Idundun da Okumagba, kotun ta lissafa hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar ƙasa, kuma takarda ɗaya ce kawai daga cikinsu. Tarihin gado yana ciki, daɗewa ana amfani da wuri yana ciki. Wannan ya kamata ya shiga kunnen duk manomin da wani mai babbar riga ya zo ya kaɗa masa takarda mai tambari a fuska ya ce ya tashi.

A gaban alƙali

Yawancin rigingimun gona na karkarar Zamfara ba sa zuwa Babbar Kotu. Kotunan shari'ar Musulunci suke zuwa, waɗanda aka sake wa fasali bayan Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999. A can tsarin daban ne: mai da'awa ya kawo shaidu, mai musu ya yi rantsuwa. Sai ka ji dattijo yana cewa, "Allah gafarta Malam, ai duk garin nan an san gonar ubana ce." Alƙali ya ce to, kawo mutum biyu adilai. Akwai kuma hauzi, wanda malaman Malikiyya suka yi bayaninsa a littattafai irin Tuhfa ta Ibn Asim: wanda ya ga bare yana noma gonarsa shekara 10, yana nan, ba abin da ya hana shi magana, ya yi shiru, to da'awarsa ta faɗi.

Ko a wannan kotun da baki ke da daraja, rubutu ne ke yanke magana a ƙarshe. Duk wanda ya taɓa zama a benci ya ga yadda ake yi: mai shaida yana magana, alƙali yana tsayar da shi, alƙalami yana tafiya a kan babban littafi mai baƙin bango, a karanta masa abin da aka rubuta, a ce haka ka faɗa? Wannan littafin shi ne shari'ar. Idan aka ɗaukaka ƙara zuwa Gusau, alƙalan sama ba su ga fuskar kowa ba, ba su ji rawar muryar kowa ba. Abin da magatakarda ya kwafo musu kaɗai suke dubawa. Kafin hukunci dole alƙali ya yi i'izari, wato ya tambayi kowane ɓangare ko yana da sauran hujja ko suka. Kotunan sama sun sha rushe hukunci saboda babu i'izari a rubuce, ko da kuwa an yi shi da baki. Abin da bai shiga kundi ba, a wurinsu bai faru ba.

Bayan an yanke hukunci ma da sauran aiki. Sai an fitar da shi a takarda, alƙali ya sa hannu, an buga hatimin kotu, an shigar da shi cikin kundinta, kafin mutum ya samu abin da zai riƙe ya nemi a zartar. Tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa kotunan da ya kafa su ba da hukunci a rubuce cikin kwana 90 bayan kammala sauraro, su kuma ba masu shari'a ingantaccen kwafi cikin kwana bakwai. Mutane da yawa sukan ci shari'a, su yi murna, su koma gida hannu rabbana. Bayan shekara 20, 'ya'yan wanda aka kayar su tayar da maganar, alƙalin ya rasu, an sauya ginin kotun, kuma babu wanda ya riƙe ko lambar ƙarar.

Kwafin ma ba kowanne ba. Dokar Shaida ta 2011 ta ce idan takardar hukuma ce, kwafin da Babbar Kotu ke karɓa shi ne wanda jami'in da ke ajiye da asalin ya rubuta a ƙasansa cewa daidai yake, ya sa kwanan wata da sunansa da muƙaminsa, bayan an biya kuɗin da doka ta yanka. Hoton da aka buga a shagon bakin kasuwa, komai kyansa, bai cika wannan sharaɗi ba.

Wasu na ɗauka duk wannan kayan Bature ne. Gaskiya ne Ingila ta daɗe da shi: a 1536 Sarki Henry na Takwas ya kafa dokar da ta tilasta a shigar da cinikin ƙasa cikin naɗaɗɗun fatun kotu a cikin wata shida. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Sayyadina Umar ya kafa diwani, wato kundin hukuma. Kundin shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, da Larabci, ya tsira har masanin tarihi Allan Christelow ya fassara wani ɓangarensa, kuma akwai rigingimun gona da gado a cikinsa. Rubuta haƙƙi namu ne tun asali.

Lokacin da shaidu suka watse

Da, rashin rajista bai cika cutar da kowa a ƙauye ba, domin garin kansa shi ne kundin. Tsofaffi sun san wanda ya sari kowace gona, wadda aro ce, wadda jingina ce, da inda gamba ta raba ta wane da ta wane. Abin da ya sauya shi ne tashin hankalin da ya addabi wannan yanki fiye da shekara 10. Hanyar Magami zuwa Ɗansadau ta zama abin tsoro. Ƙauyuka sun tashi, wasu mutanen suna Gusau a kangaye da gidajen 'yan uwa, wasu Tsafe, wasu sun tsallaka Funtuwa. An ƙone ɗakuna da rumbuna, adakoki sun tafi da abin da ke cikinsu. Dattawan da za su tsaya su ce "a gabana aka yi" wasu an kashe su, wasu baƙin ciki da tsufa sun ɗauke su a garin da ba nasu ba.

Ranar da zaman lafiya ya dawo, kuma muna roƙon Allah Ya kawo ta kusa, rikici na biyu yana jira a bakin gona. Iyakoki sun shafe, daji ya haɗe su. Wani ya noma ta maƙwabcinsa shekaru yana gudun hijira, zai ce hauzi, alhali hauzi ba ya hawa kan wanda tsoro ya kora. Wa zai tabbatar da shekarar da aka gudu?

Haka batun rai da mutuwa. Wata doka ta 1992 ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ta kuma ba da kwana 60 a kai rahoton haihuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista a Najeriya, wani binciken na 2021 ya nuna kashi 57, kuma karkarar Arewa maso Yamma tana cikin masu ja baya. Yaron da aka haifa a gudun hijira zai girma ya tarar ana neman lambar NIN kafin ya zauna jarrabawar shiga jami'a, kafin ma ya riƙe layin waya, sai ya koma ga takardar rantsuwa ya ƙiyasta wa kansa shekaru. Matar da aka kashe mijinta aka binne shi da gaggawa ba ta da takardar mutuwa, banki kuwa ba ya sakin ko sisi sai da ita. Wadda aka sace nata mijin ba a sake jin ɗuriyarsa ba, tata ta fi wuya. Dokar Shaida ta ce sai an shekara bakwai babu labari kafin a ɗauka mutum ya rasu. A mazhabar Malikiyya shekara huɗu ce sannan idda, amma ba daga ranar da ya ɓata ake fara lissafi ba, sai bayan ta kai magana gaban alƙali an yi cigiya. Wadda ta zauna a ɗaki tana kuka shekara biyar ba ta je kotu ba, ko kwana ɗaya ba a fara ƙirga mata ba. Wannan kaɗai ya isa limamai su riƙa faɗa a kan mumbari.

Makiyaya ma sun sha wannan ɗacin. Dokar wuraren kiwo ta Arewa ta 1965 ta tanadi a keɓe musu dazuzzuka, amma kariyar doka ba ta cika sai an buga wurin a gazet ɗin gwamnati da iyakokinsa. Daga cikin wuraren kiwo 415 da ake lissafawa a ƙasar nan, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka buga. Sauran, da burtulla da mashaya, sun zauna a bakin mutane kawai, har masu iko suka yi ta yanka su suna rabawa. Duk mai bin tarihin rikicin Zamfara da gaskiya ya san wannan yana cikin tushensa.

Ba sai an je nesa neman misali ba. A Jamhuriyar Nijar, tsarin dokar karkara da ya faro a 1993 ya kafa kwamitocin ƙasa tun daga matakin ƙauye, inda mai gari da wakilan manoma da makiyaya da mata suke zama. Manomi a jihar Maraɗi yana iya karɓar takardar shaidar gonar gado, ko ta saye, ko kyauta, ko aro, ko jingina, a garinsu, kuma kwafi ya wuce sama a ajiye. Tsarin bai kai ko'ina ba, yana da nasa raunin, amma ya ɗauki abin da mai gari ke yi dama ya ba shi matsayi a doka. A nan gida, kwamitin gyaran dokar ƙasa da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje ya yi ta nanata cewa abin da aka yi wa rajista a ƙasar Najeriya bai wuce kashi 3 cikin 100 ba. Zamfara ta kafa hukumar ZAGIS don mai da bayanan filaye cikin kwamfuta, abu ne mai kyau, sai dai mai gona kadada biyu a Magami ba zai ɗauko safiyo ya yi ta zarya zuwa Gusau a kan wannan hanya ba.

Abin da yake buƙata yana cikin doka tuni: kundin sashe na 36 a ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, ma'aikaci ya zauna da uban ƙasa da dagatai ranar kasuwa, a rubuta gona da maƙwabtanta huɗu a gabansu, a shigar da kason mata da marayu da sunayensu, a rubuta burtali kamar yadda ake rubuta gona, a ajiye kwafi ɗaya a Gusau. Tun yanzu ya kamata a fara ɗaukar bayanin dattawan da ke gudun hijira, suna da rai.

Sai dai a yi hattara da gaggawa. Kundin da aka buɗe alhali masu gona ba sa nan, mai kuɗi da mai kusanci da ofis ne za su riga shiga, kuma mun ga cewa wanda ya riga shiga shi doka ke sa wa gaba. Kada a karɓi rajistar ko taki ɗaya a ƙauyen da ya tashi sai an yi shela a rediyo da masallatan Juma'a na garuruwan da mutanensa suka fake, an ba da wa'adi mai tsawo, kuma maƙwabtan gonar sun zo da ƙafarsu sun dangwala yatsa.